Kafin a dangwala ƙuri'a, a auna halin mai neman ta

Duk lokacin da zaɓe ya gabato, abin da ya fi yawa a majalisunmu shi ne tambayar daga wane yanki ɗan takara ya fito, wace jam'iyya ta tsayar da shi, kuma wa ya ɗaure masa gindi. Ba safai ake jin wanda ya tambayi halinsa ba. Yanzu da aka fara kaɗa gangar 2027, ina ganin ya kamata mu da Allah Ya ba ilimi mu sake lale.

Sashe na 131 na kundin tsarin mulkin 1999 bai nemi wani abu mai yawa daga mai son shugabancin ƙasa ba: ya kasance haifaffen ɗan Nijeriya, jam'iyya ta tsayar da shi, ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare, sannan ya kai shekara 35, bayan gyaran 2018 da ya rage ta daga 40. Doka ba ta auna gaskiya ko amana. Wannan awo an bar wa mai zaɓe ne.

Alkawari kuwa ba ya rarrabe 'yan takara. A zaɓen 2023, Bola Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi duk sun ce za su cire tallafin man fetur. Da aka cire shi ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan naira 500 cikin 'yan kwanaki. Ashe abin tambaya tun farko shi ne wane ne cikinsu zai yi shawara kafin ya zartar, ya tanadi abin da zai sassauta wa talaka, ya kuma fito ya amsa idan al'amari ya ɓaci. Amsar wannan tana cikin hali, hali kuwa zanen dutse ne.

A matsayina na ɗalibin harshe, akwai ma'aunin da nake so mai karatu ya riƙe. Hausa tana da ɗan lafazin nan "an", wanda ke ɓoye mai aikata abu. Ku saurari 'yan siyasa da kyau: idan aiki ya yi kyau, "ni na gina" ne, idan ya lalace, sai a koma "an samu matsala", "an yi kuskure". Wanda bai taɓa cewa "na yi kuskure" ba a shekarun da ya yi yana gwamna ko minista, ba zai koyi faɗinta a fadar shugaban ƙasa ba.

Muna da misalai a gida. A jawabinsa na kama mulki a 2007, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amince cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais domin gyaran harkar zaɓe, ya kuma bayyana kadarorinsa ga jama'a. A 2015, Goodluck Jonathan ya kira Muhammadu Buhari ta waya ya amince da shan kaye tun kafin a kammala bayyana sakamako, abin da ya yayyafa wa zaman ɗar-ɗar ruwan sanyi. Kowannensu yana da nasa kurakuran mulki, amma a waɗannan wurare biyu sun fifita ƙasa bisa kujera.

Saboda haka, kafin ranar zaɓe, mu binciki tarihin kowane ɗan takara. Yaya ya riƙe baitulmali da aka ba shi amana? Su wa ya jawo jikinsa, masu faɗa masa gaskiya ko 'yan amshin shata? Ya bi hukuncin kotu lokacin da bai yi masa daɗi ba? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

A 2023, cikin mutum fiye da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba, kuma da yawa daga cikinmu 'yan boko a gida muka zauna. Wanda ya ƙi fita, ya bar wa mai rabon taliya da atamfa ya zaɓa masa jagora na shekara huɗu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Allah Ya ba mu shugabanni nagari, Ya kuma ba mu basirar gane su.