Dala 80 kan wasan bidiyo guda: me mai saye yake mallaka?

Ranar 5 ga Yuni, 2025, kamfanin Nintendo ya fitar da Mario Kart World a kan dala 80. Kusan shekaru goma sha biyar manyan wasannin bidiyo suna tsaye a dala 60, sai a 2020 Take-Two ya ɗaga NBA 2K21 zuwa dala 70, sauran kamfanoni suka bi sahu.

Hujjar kamfanonin ba ta banza ba ce. In aka yi la'akari da hauhawar farashi, dala 60 ta shekarar 2006 ta haura dala 90 a yau. Kuɗin haɗa wasa ma ya yi tashin gwauron zabi: takardun da suka fito a shari'ar hukumar FTC ta Amurka da Microsoft a 2023 sun nuna cewa The Last of Us Part II ya ci wa Sony kimanin dala miliyan 220.

Sai dai akwai abin da wannan lissafi ke tsallakewa. Wanda ya sayi faifai a 2006 yana iya ba da aronsa ko ya sayar. Wanda ya sauke wasa ta intanet a yau lasisi kawai ya biya, kuma ana iya janye shi. A ƙarshen Maris 2024 Ubisoft ya rufe The Crew, wasan ya mutu a hannun waɗanda suka biya kuɗinsa. Jihar California ta kai ga kafa dokar da ta tilasta wa shagunan intanet bayyana cewa lasisi suke sayarwa. Ga kuma sayayyar cikin wasa, wadda ke ci gaba da tatsar aljihu bayan an biya farashin farko.

Masu saye ba su rasa ta cewa ba. Microsoft ya sanar da dala 80 kan The Outer Worlds 2, amma a Yulin 2025 ya ja da baya zuwa 70. Hollow Knight: Silksong, aikin wani ƙaramin kamfani a Ostireliya, ya fito a kan dala 20, jama'a suka yi masa rubdugu har shagon Steam ya riƙa tangal-tangal.

A Najeriya lamarin ya fi ciwo, domin farashin na bin dala ne. Dala 80 ta haura naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Matashin da ke biyan kuɗin zama a gidan wasa don buga ƙwallo a PlayStation ya daɗe da sanin cewa haya yake yi. Bambancinsa da mai biyan dala 80 shi ne babu wanda ya ce masa ya sayi komai.