Mita Kafin Allo: Shawara ga Ɗalibai Masu Ƙere-ƙere

Masu iya magana na cewa, rigakafi ya fi magani. Wannan karin magana ya dace da ɗalibin sakandare a Gumel ko Maigatari wanda ya tara 'yan kuɗinsa domin ya haɗa na'urar ƙyanƙyasar ƙwai. Ƙwan kaza yana buƙatar zafi kimanin digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyos har tsawon kwana 21. Idan zafin ya zarce da digiri biyu kawai na tsawon sa'o'i, ɗan tayin da ke ciki yana iya mutuwa. Saboda haka kayan gano kuskure su ne ya kamata a fara saye, kafin a yi maganar allo mai tsada.

Abu na farko shi ne mitar awon lantarki, irin wadda masu gyaran rediyo da waya ke amfani da ita. Sau da yawa na'ura takan ƙi aiki ne domin waya ta kwance ko batir ya yi sanyi, ɗalibi kuwa yana can yana sauya umarnin da ya rubuta. Mita takan bayyana wannan cikin minti guda.

Na biyu shi ne zaɓen allo. Shirin Arduino ya faro ne a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005, allon Uno kuma ya fito a 2010 da ƙwaƙwalwar ATmega328P. Ana loda masa umarni ta wayar USB kai tsaye, ba sai an sayi wata na'urar lodi ba. Manhajarsa kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta tana aiki ba tare da intanet ba, abin da ke da muhimmanci ga makarantun karkarar Gagarawa da Sule Tankarkar. Sai dai a kula, wasu wayoyin USB na kasuwa caji kawai suke yi, ba sa ɗaukar bayani.

Wasu malamai za su ce allon ESP32 na 2016 ya fi ƙarfi, ga shi da Wi-Fi. Gaskiya ne. Amma da bolt 3.3 yake aiki, Uno kuwa da bolt 5, kuma kuskuren haɗa bolt 5 a ƙafar ESP32 yana iya ƙona shi. Uno irin wanda ƙwaƙwalwarsa ke zaune cikin soket, in ta ƙone sai a cire ta a sa wata. Mai koyo ya fi buƙatar allon da ke jure kuskure.

Na uku shi ne tagar Serial Monitor da ke cikin manhajar, wadda ke nuna lambobin da na'ura take karantawa. Amma lambar ma sai an tantance ta. Ma'aunin DHT11 yana iya kuskuren digiri 2, DS18B20 kuwa rabin digiri. Ga aikin ƙyanƙyasa, na biyun ne ya dace. Ya kamata a ajiye ma'aunin zafin jiki na asibiti kusa da shi, a gwada su tare, a rubuta sakamakon a littafi na kwana biyu ko uku kafin a zuba ƙwai.

Bugu da ƙari, busasshiyar iskar hunturu tana sa lantarki ya taru a jikin mutum, wanda ke iya lalata ƙwaƙwalwar allo. Ɗalibi ya taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ya ɗauki allonsa.

Ya kamata malaman kimiyya, da masu horar da su a Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel, su sa mita da littafin rubuta awo a sahun farko na kayan ƙungiyoyin kimiyya. Mita guda ɗaya tana isar ɗalibai goma, idan an koya musu yadda ake karanta ta.