Dodon Yana Cikin Gida

Jama'a, a 2017 aka yi wani fim a Amurka mai suna Mom and Dad, inda Nicolas Cage ya fito a uba. Wani irin hauka ya auka wa iyaye, kowa ya zaburo zai hallaka 'ya'yan cikinsa. Mai kallo ya yi dariya, sa'an nan dariyar ta maƙale masa a wuya. Masu kukan tarbiyya za su ce lalacewar Nasara ce. To, mu dubi namu.

Tun Turmin Danya na 1990, finafinan Hausa sun sha tsorata mu da aljanu da mayu da boka mai jan ƙyalle. Amma in maigida ya zari dorina ya bi iyalinsa, nan ne ake sako kiɗan barkwanci. Ashe duka abin dariya ne? Kakanninmu ma sun fi su ƙarfin hali, don tatsuniyar bora da mowa ba ta ɓoye wa yaro muguntar gida ba.

A Batsari da Safana kuwa ba a bukatar aljanin haya. Dajin Rugu na nan, ba mu kuma manta da Tsauwa da Dankar ba, inda 'yan bindiga suka kashe mutum 30 a Fabrairun 2020. Yaron da ya tsira daga wannan, ya iske bulala a hannun uban da aka raba da gonarsa, shi ake miƙa wa waya ya kalli ana jibgar ɗan'uwansa ana shewa. Hukumar Tace Finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, rawa da tufafi suka fi tsone mata ido.