Majalisar Dokokin Gombe, Tashoshin Mota da Haƙƙin 'Yan Mazan Jiya

A ranar 15 ga watan Janairun kowace shekara, Gwamnan Jihar Gombe da muƙarrabansa, kamar takwarorinsu na sauran jihohi, sukan hallara domin bikin tunawa da 'yan mazan jiya. Akan yi fareti, a ajiye furanni, a saki fararen tattabaru, limaman Musulmi da na Kirista su yi addu'a, sa'an nan a sanar da gudummawar da aka bayar ga asusun Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Nijeriya. An zaɓi wannan rana ne saboda a cikinta aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Kashegari kowa sai ya koma harkarsa. Tsohon soja ma ya koma bakin ƙofar da yake gadi, ko kuwa ya koma zaman jiran ƙarshen wata.

Gudummawa abin godiya ce, to amma rabon ta na rana guda ne, kuma yawanta ya dogara ga halin wanda ke kan kujera. Ra'ayinmu a nan shi ne, Majalisar Dokokin Jihar Gombe mai wakilai 24 tana da ikon yi wa waɗannan bayin Allah abin da ya fi gudummawa ɗorewa, ta hanyar dokar sufuri da ta tashoshin mota, kuma 'yan kasuwa ne za su fara cin moriyar hakan.

Ya kamata mu fara da abin da Majalisar ba ta da hurumi a kansa, domin kada a ɗora mata kayan da ba nata ba. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya keɓe harkokin tsaro da na soja ga Gwamnatin Tarayya ita kaɗai, haka kuma fanshon da ake biya daga baitulmalin Tarayya. Hukumar Fanshon Soja tana Abuja, kuma tun 2011 aka cire sojoji daga tsarin fansho na karo-karo da aka kafa a 2004. Shi ya sa a watan Janairun 2025, da tsofaffin sojoji suka fusata kan haƙƙoƙinsu, ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya suka tare, ba su nufi gidan gwamnatin wata jiha ba. Inshorar mota ma ta Tarayya ce: hukumar inshora ta ƙasa ce ta ɗaga kuɗin inshorar dole na ƙaramar motar gida daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a farkon 2023. Zirga-zirga a kan manyan hanyoyin Tarayya ita ma tana hannun Majalisar Ƙasa, kuma don haka aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988.

Abin da ya saura a hannun jiha kuwa ba kaɗan ba ne. Rajistar ababen hawa, duba lafiyar mota, izinin yin haya, hanyoyin jiha da titunan cikin gari, tsarin acaɓa da Keke Napep, duk da dokar jiha ake gudanar da su. A wannan fage ne Legas ta kafa LASTMA a 2000, Kano ta kafa KAROTA a 2012 ta kuma hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, ita ma Gombe ta kafa rundunarta ta GOSTEC mai kula da tsaro da zirga-zirga da muhalli. Tun daga watan Maris na 2023 ma, bayan gyaran da aka yi wa Kundin Tsarin Mulki, jihohi suna iya yin doka kan jirgin ƙasa.

Duk wanda ya san Gombe ya san cewa arzikinta a kan taya yake. Jirgin ƙasa ya iso garin a 1963 a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri, ya yi zamaninsa da auduga da gyaɗa, sa'an nan ya bar wa mota fagen. Hanyar Bauchi, da ta Yola da ke ratsa Kumo da Billiri da Kaltungo, da ta Biu da ke bi ta Daɗin Kowa, da ta Potiskum da ke bi ta Bajoga, da ta Dukku, duk a cikin garin suke haɗuwa. Simintin Ashaka a tirela yake fita. Masara da wake da dawa da ake lodi a Tudun Hatsi a mota suke tafiya Kano da Kudu. Tun da aka ƙirƙiro jihar daga Bauchi a ranar 1 ga Oktoba 1996, babu wani kamfanin gwamnati da talaka ya sani kamar Gombe Line. Saboda haka duk kwabon da ya ƙaru a kan kuɗin mota, a kan buhu yake sauka. An ga haka ƙarara bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 600 cikin wata biyu, ta kuma wuce Naira 1,000 a ƙarshen 2024.

To, me ya haɗa tsohon soja da wannan? Tarihi ne ya haɗa su. Sojojin Nijeriya da suka yi yaƙi a Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, da yawansu sun dawo bayan 1945 da sana'ar tuƙi da kanikanci da suka koya a soja, kuma da su aka yi jigilar gyaɗa da auduga a shekarun da suka biyo baya. Har yau rundunar sojan ƙasa tana da sashe guda na sufuri da jigilar kayayyaki, da wani na injiniyoyin lantarki da kanikanci, waɗanda ke horar da direbobin manyan motoci da masu gyaran su da kuɗin jama'a. Matashin da ya shiga soja yana ɗan shekara 20, ko da ya cika shekara 35 yana aiki, zai fito yana da 55, da sauran ƙarfinsa. Waɗanda suka ajiye aiki da wuri kuwa, kuma suna da yawa tun da rikicin Arewa maso Gabas ya ɓarke a 2009, sukan fito da ƙuruciyarsu. Akwai cibiyar koyar da sana'a ga sojoji masu barin aiki a Oshodi ta Legas, amma takardar shaidar da take bayarwa ba ta sayen mota. Ga mai tirela yana kukan rashin direba mai amana, ga ƙwararren direba yana gadin shago. Wannan asara ce ta tattalin arziki kafin ta zama abin tausayi.

Abu na farko da dokar za ta tanada shi ne tsaron tashoshi, kuma a nan Gombe ba ta bukatar a ba ta labari. A ranar 31 ga Oktoba 2014 bam ya tashi a tashar Gombe Line. A ranar 22 ga Disamba na shekarar wani ya tashi a tashar Dukku, ya hallaka mutane aƙalla 20. A watan Yulin 2015 aka kai hari babbar kasuwa, bayan kwana shida aka sake kai wa tashar Daɗin Kowa da ta Dukku. An sami sauƙi tun daga lokacin, alhamdu lillahi, amma sauƙi yakan kawo sakaci. Yanzu ga babbar tashar da gwamnatin Ibrahim Hassan Ɗankwambo ta fara, gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta kammala ta kuma sa mata sunan wanda ya fara ta. Tara motoci da fasinjoji wuri guda yana sauƙaƙa tsari da karɓar kuɗin shiga, amma yana kuma tara haɗari wuri guda. Binciken kaya a bakin ƙofa, rajistar fasinja, lura da baƙuwar fuska da jakar da aka ajiye ba mai ita, aiki ne da aka koya wa soja. Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji, wadda aka kafa a 1964 aka kuma sabunta dokarta a 1988, tana da reshe na masu gadi da bai riƙe makami ba. Doka za ta iya cewa wani kaso na guraben tsaro a kowace tasha ta gwamnati na tsofaffin sojoji ne da matan waɗanda suka rasu a fagen fama da 'ya'yansu, da albashi rubutacce daga kuɗin shigar tashar.

Na biyu shi ne jari. Gwamnatoci sun saba raba Keke Napep da ƙananan bas a kan bashi, kuma kowa ya san yadda akasarin irin wannan rabo ke ƙarewa: wanda ya karɓa ya ɗauka rabonsa ne na siyasa, ya sayar ko ya ƙi biya. Tsohon soja ya bambanta da sauran masu neman bashi ta fuska guda da kowane manajan banki zai gane: yana da fansho da ke shiga asusunsa, yana da lambar aiki da ba ya iya sauyawa, yana da ƙungiya da ta san gidansa. Idan doka ta kafa ƙaramin asusun lamuni, jiha ta tsaya wa wani kaso na bashin, bankuna da dillalan motoci za su shigo da kuɗinsu. Kuɗin rajista da na izinin haya kuwa, tun da hukumar tara haraji ta jiha ce ke karɓa, ana iya ɗauke wa waɗanda suka nakasa a bakin aiki gaba ɗaya. A Amurka, inda fanshon soja shi ma na Gwamnatin Tarayya ne, jihohi da yawa ta wannan ƙofa suke taimakawa: sukan yafe wa nakasassun tsofaffin sojoji kuɗin lambar mota, kuma sojan da ya tuƙa babbar mota a bakin aiki akan ɗauke masa jarrabawar tuƙi idan ya nemi lasin tirela.

Akwai masu suka, kuma wasu hujjojinsu suna da nauyi. Za a ce matasan Gombe marasa aikin yi sun fi cancanta da waɗannan gurabe, musamman a garin da bai manta da ta'asar 'yan Kalare ba. Gaskiya ne, shi ya sa muka ce kaso, ba duka ba, kuma matashi ɗan GOSTEC da ya yi aiki a ƙarƙashin tsohon saje zai koyi abin da horo kaɗai ba ya koyarwa. Ƙungiyoyin direbobi da na masu motoci za su ji tsoron a ƙwace musu tasha. Wannan tsoro yana da magani idan dokar ta fayyace cewa lodi da layi da kamasho suna nan a hannunsu.

Sukar da ta fi damun mu ita ce ta kaki. Ɗan kasuwar da ya taɓa ɗauko kaya daga Gombe zuwa Fatakwal ya san yawan hannayen da ake miƙo wa direba a hanya, kuma yana da dalilin fargabar a ƙara masa wani mai inifom. Dokar soja mai lamba 21 ta 1998 ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa, ta kuma haramta kafa shinge a kan hanya domin karɓar haraji, amma shingayen ba su gushe ba. Wasu tsofaffin sojoji ma, a faɗi gaskiya, sukan ɗauka katin shaidarsu ya ɗora su a kan doka, su ƙi sabunta takardu, su daki ɗan acaɓa. Saboda haka wajibi ne dokar ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa wanda aka ɗauka ba zai riƙe makami ba, ba zai tsaya a kan titi ba, ba zai taɓa kuɗin kowa ba, kuma laifi guda na karɓar na-goro ya isa a sallame shi. A kuma tantance kowa da lambarsa ta Hukumar Fanshon Soja, domin duk inda aka ce rangwame, 'yan mazan jiya na bogi sukan fi na gaske yawa.

Sauran batu shi ne na wanda ya mallaki kuɗin tasha. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki ya lissafa kafa tashoshin mota da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, alhali babbar tashar Gombe da kuɗin jiha aka gina ta. Bayan hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, wannan tambaya za ta ƙara tasowa. Gara Majalisa ta warware ta da kanta: rasit guda a rana ga kowace mota, a rubuta kason jiha, da na ƙaramar hukuma, da na tsaron tasha, a manna farashin a bakin ƙofa inda direba zai gani. Jihar da ta zo ta ɗaya a 2021 da 2023 a ƙididdigar Gwamnatin Tarayya ta sauƙin gudanar da kasuwanci bai kamata wannan ya gagare ta ba.

Ba sai an jira ɓangaren zartarwa ba, domin kowane ɗan Majalisa yana da ikon gabatar da ƙuduri da sunansa. Abin da ya rage ga Ƙungiyar 'Yan Kasuwa da Masana'antu ta jihar, da dillalan hatsi, da masu manyan motoci, shi ne su zauna da shugabannin tsofaffin sojoji su fitar da daftari guda, da lissafin abin da zai ci a shekara, su miƙa wa kwamitin sufuri na Majalisa kafin a fara muhawarar kasafin kuɗi, tun da ƙudurin da bai sami gurbi a kasafi ba sai ya jira wata shekara.