Daga Bakin Tabarma: Ɗari a Rumfar Likita

Tun daga Tanut har Belbeji, Gangara har Olelewa, kukan ɗaya ne a taron zubi: mata na fashin awo da rigakafi saboda ɗari. To, mu ma mun san shi. Mace ta fito tun sallar asuba don ta riga layi, ta iso ta zauna kan bencin siminti, iskar hunturu na kaɗowa daga arewa maso gabas, majo bai buɗe ƙofa ba sai hantsi. Ta kawo jariri ya sha allura, ta koma da shi yana tari.

Amma fashin ba shi ne mafita ba. Tun 2006 gwamnati ta yafe kuɗin awon ciki da na duba yara ƴan ƙasa da shekara 5. Allurar sati 6, sati 10, sati 14 da ta ƙyanda a wata 9 kuwa ba su san Disamba ko Janairu ba.

Ga abin da muke ganin ya fi. Jariri sabon haihuwa a sa shi a ƙirji, fata da fata, a ɗaura zane a rufa da mayafi, hula a kai, safa a ƙafa. Ɗumin jikin uwa ya fi bargo uku. A riƙa ba shi nono ko ana cikin layi. Tabarma da bargo biyu da tarmus na kunu, asusun taimako na ƙungiya zai iya sayensu, a aje wurin mai riƙon akwati, wadda ke da ranar likita ta ara ta maido. Mata Masu Dubara da aka soma a Maraɗi a 1991 ai don irin wannan aka yi su, ba don rabon riba kaɗai ba. Sannan mu je mu sami kwamitin likita, mu nemi izinin kafa zana a gefen rumfar da iska ke shigowa. Zana biyu da dirka huɗu, wallahi ba su kai kuɗin ankon biki ɗaya ba.

Kuma idan muna zaune mu duba yaran juna. Yaro daga wata 2 zuwa 11 da ke numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 da ya kai 40, ko wanda ƙasan ƙirjinsa ke lotsawa in ya ja iska, wannan ba na jiran layi ba ne. A tashi a gaya wa ma'aikaci nan take.

Sai batun hanya. Yawancinmu hanyar amalanke muke bi, mai zagaye, shi ya sa muke fita cikin duhu. Bayan girbi kuwa gonaki sun buɗe, akwai ƴan turbobi daga rijiya zuwa rijiya da burtalin dabbobi da ke yanke tafiya. Matan Fulani masu tallar nono da Buzaye makiyaya sun san su kamar tafin hannu. Mu tambaye su ranar kasuwa. Wadda ta rage tafiya za ta iya jiran rana ta ɗan ɗago kafin ta fito.

Sabuwar turba dai a fara binta da rana, mata uku ko huɗu tare, a riƙe alama: wannan aduwa, waccan magarya, kurmin anza. In hazo ya sauko ya rufe itatuwa, a koma babbar hanya. A sa takalmi rufaffe saboda ƙarangiya, a ɗauki ruwa ko da ba a jin ƙishi. Mai naƙuda da mai zubar jini ba sa bin turba da ƙafa. A nemo amalanke ko mota, asusu ya biya, a yi lissafi daga baya.

A zubin mako mai zuwa kowace ƙungiya ta zo da sunan turbar da ta sani da tsawon lokacin da take ci, sakatariya ta rubuta a bayan littafin zubi.