Zoben Ƙafar Tsuntsu Ba Asiri Ba Ne

Da zarar ruwa ya ɗauke, hunturu ya kunno kai, sai fadamun ƙasar Katagum su cika da baƙi masu fiffike. Masunta da manoman shinkafa na Sakwa, cikin Ƙaramar Hukumar Zaki, sun san su sarai: tsuntsaye ne masu dogayen ƙafafu da siririn baki, suna kiwo cikin taɓon da Kogin Jama'are ya bari. Ita shamuwa damina take biyowa. Waɗannan kuwa sanyin Turai da Rasha ya koro su, kuma kafin ruwa ya sauka sun koma gida.

Jefi-jefi maharbi ko mai tarko yakan sami ɗaya da ɗan zobe a ƙafa, ga lamba, ga sunan wani birni kamar Landan ko Mosko. To, a nan gizo ke saƙa. Wani ya ɗauka asiri ne ya yar, wani ya ji tsoron hukuma ya binne, wani ya miƙa wa yaro ya yi wasa.

Alhali kuwa zoben nan wasiƙa ce. Wani malamin makaranta a ƙasar Denmark, Mortensen, shi ya fara wannan dabara a 1899. Ana kama tsuntsu, a auna shi, a maƙala masa lamba, a sake shi. Duk wanda ya tsinci lambar ya ba da labari, sai a san nisan tafiyar tsuntsun da shekarunsa. Yanzu har wata 'yar na'ura ake goya wa tsuntsu, tauraron ɗan Adam yana bin sawunsa. Da ita aka gane a 2022 cewa wani tsuntsun bakin ruwa ya tashi daga Alaska ya sauka Tasmaniya, kilomita 13,560, cikin kwana 11 bai huta ba. Ikon Allah ke nan!

Rashin sani ma ba a Sakwa ya tsaya ba. A Masar, cikin 2013, sai da aka kai wani tsuntsu dangin shamuwa ofishin 'yan sanda, wai ɗan leƙen asiri ne, saboda na'urar da ke bayansa.

Mai karatu zai ce, ina ruwan talaka da yawon tsuntsu? Ai ruwan da tsuntsun ke bi shi ne na talaka. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗejiya da Nguru ta ragu ƙwarai. Kogin Jama'are ne ya rage babu babbar madatsa a kansa, ga kuma maganar ta Kafin Zaki tana tashi tana kwanciya shekara da shekaru. Ranar da za a yanke shawara a kanta, mutanen fadama za su bukaci hujja a rubuce, kuma lissafin inda tsuntsayen nan ke sauka yana cikin hujjojin da duniya ke saurara.

Saboda haka ya kamata Gwamnatin Jihar Bauchi da masana na cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke Jos su sa a yi shela da Hausa, a rediyo da kasuwannin Sakwa da Katagum da Azare. A sanar da Sarkin Ruwa da Sarkin Baka da dagatai inda za a kai zobe, a kuma yi alkawari a fili cewa ba za a tuhumi wanda ya kawo ba. Lambar, da ranar, da sunan fadamar da aka same shi, su kaɗai ake bukata.