SHARHI: Wa zai duba haƙoran 'yan makaranta inda babu likitan haƙori?

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa yara miliyan 514 a duniya na fama da ruɓewar haƙoran nono. A Najeriya kuwa likitocin haƙori kaɗan ne, kuma mafi yawansu suna manyan birane ne da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Wannan ya sa ake yawan kawo shawarar a horar da malaman makaranta da ma'aikatan jinya da jami'an lafiyar al'umma, su riƙa duba bakin ɗalibai suna tura masu matsala asibiti.

Ko za a iya dogaro da idon wanda ba likita ba? Amsar ta danganta da abin da aka ɗora masa. Kogon haƙori da ya fito fili, da kumburin dasashi, da mugunya, da karyayyen haƙori, duk abubuwa ne da mai ɗan horo zai gane da tocila da tsinken katako na danne harshe. Amma ruɓewar da ta fara a matsayin farin tabo, ko wadda ta ɓuya tsakanin haƙora, sai ƙwararre, wani lokacin ma sai an ɗauki hoto. Kuskuren iri biyu ne: a sallami yaro mai ciwo, iyaye su saki jiki, ko a tura lafiyayye, iyaye su ƙona kuɗin mota a banza. Saboda haka aikinsu ware masu buƙatar gaggawa ne, yanke hukunci kuwa na likita ne.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Ingila ta shafe shekaru likitoci da kansu suna duba haƙoran ɗalibai a makarantu, amma a 2006 kwamitin ƙasar mai ba da shawara kan gwaje-gwajen tantancewa ya ce a daina, bayan bincike ya nuna dubawar ba ta rage yawan ruɓaɓɓun haƙoran da ba a yi wa magani ba. Idan haka ta faru inda maganin haƙoran yara kyauta ne, ina ga ƙauyen da takardar turawa asibiti ba ta da inda za ta je?

Akwai kuma cutar noma mai zaizayar baki da fuska, wadda Najeriya ta jagoranci sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. Tana farawa ne da gyambon dasashi da ake iya kashewa da maganin ƙwayoyin cuta, kuma ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa. Yawancin waɗanda ake kaiwa asibitin noma na Sakkwato ba su kai ga aji ba tukuna. Dubawar da ta tsaya a makarantar boko ba za ta riske su ba, haka ma almajiran tsangaya.

Jihar da ke son wannan shiri sai ta fara daga inda za a tura yaron: ta ajiye ma'aikacin haƙori da kayan ciko a asibitin ƙaramar hukuma, likita ya riƙa sake duba wasu daga cikin yaran don auna ingancin aikin, sannan a sa duba baki cikin ranakun rigakafi da awon tamowa. Mizanin nasara shi ne yawan yaran da aka yi wa magani, ba yawan bakunan da aka leƙa ba.